Wanda Ya Noma Da Wanda Ya Girbe: Nazari A Kan Haƙurin Koci Shu'aibu Amodu

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa ma'aikata tuwo a ƙwarya, ko a gona suke, ko a ofis, ko a filin wasa. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya, da amfani ya nuna sai aka janye shi aka ba wani ya girbe, sa'an nan bayan 'yan shekaru aka shiga matsi aka sake kiransa, shin ya amsa kiran ko kuwa ya ƙi? In kuma ya amsa, me za mu kira abin da ya yi, haƙuri ko mutuwar zuciya? Mu Hausawa muna yabon haƙuri, har mukan ce mahaƙurci mawadaci. To amma mu ɗin ne dai muke yi wa mutum gori mu ce ba shi da zuciya, idan muka ga ana taka shi yana komawa. Ke nan a wurinmu akwai iyaka tsakanin halayen nan biyu, sai dai ba kasafai muke tsayawa mu nuna inda iyakar take ba.

Domin kada maganar ta zama shaci-faɗi, mun ga ya dace mu ɗora ta a kan rayuwar mutum guda wanda tarihin aikinsa sananne ne, watau marigayi Shu'aibu Amodu, koci mai horar da 'yan ƙwallon ƙafa. Sau biyu wannan bawan Allah yana sama wa Nijeriya gurbin zuwa gasar cin kofin duniya, sau biyun kuma ba a bar shi ya raka 'yan wasansa ba. Ba sai mai karatu yana sha'awar tamaula zai bi mu ba, domin kuwa abin da muke nema a nan shi ne halin mutum a kan aikinsa.

Wane irin aiki ne aikin koci?

Kafin mu shiga tarihin, bari mu fara duban sana'ar ita kanta. Maƙeri idan ya ƙera fartanya, hannunsa ne ya riƙe masaba, saboda haka kyanta ko muninta daga gare shi yake. Haka abin yake ga maɗinki da marini. Shi kuwa koci da ƙafafun wasu yake aiki. Yakan shafe kwanaki yana atisaye da yara, yana nazarin abokan karawa, yana tsara wanda zai tsare baya da wanda zai kai hari, amma da zarar alƙalin wasa ya hura usur sai ya koma gefen fili, ba shi da ikon taɓa ƙwallo ko da sau ɗaya cikin minti 90. Abin da ya rage masa kawai shi ne ɗaga murya daga bakin layi, da 'yar huɗuba a lokacin hutun rabin lokaci, da kuma canjin 'yan wasa, wanda a zamanin Amodu bai wuce mutum uku a wasa guda ba.

Kocin ƙasa ma ya fi shan wuya, domin aron 'yan wasa ake ba shi. Galibinsu suna ƙungiyoyinsu a Turai, sai ana saura 'yan kwanaki wasa su sauka, wani da gajiya, wani da rauni, wani kuma da girman kai saboda albashinsa na mako ya fi na kocin na wata. Da waɗannan ne zai haɗa tsintsiya mai maɗauri ɗaya.

Saboda haka aikin koci kashi biyu ne. Akwai wanda yake hannunsa, kamar shiri da zaɓen 'yan wasa bisa cancanta da yin adalci a tsakaninsu. Akwai kuma wanda ba ya hannunsa, kamar ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, da kuskuren alƙalin wasa, da sakamakon wani wasa da ake yi a wata ƙasa mai nisa. Ya yi kama da manomi wanda ke da iko a kan sharar gona da zaɓen iri da noman fari da maimai, amma ba shi da iko a kan ruwan sama. Sai dai manomi ya fi shi gata, don gonar tasa ce. Koci ɗan ƙwadago ne a gonar wani, mai gona yana iya sallamarsa ana gobe girbi. Duk wanda zai daɗe a wannan sana'a dole ne ya zuba ƙarfinsa gaba ɗaya a kashi na farko, ya kuma koyi kwana da kashi na biyu. Wannan shi ne darasi na fari, kuma za mu ga yadda rayuwa ta karantar da Amodu shi har sau biyu.

Noman farko

An haifi Shu'aibu Amodu a shekarar 1958, ɗan asalin garin Okpella ne a jihar Edo ta yanzu. Ya buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, har ya yi wa ƙungiyar Niger Tornadoes ta Minna wasa, kafin karayar ƙafa ta raba shi da fili ya koma horarwa. Sunansa ya fito ne a ƙungiyar BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko a jihar Binuwai, wadda ya jagoranta a 1990 ta doke Club Africain ta Tunisiya, ta ɗauki kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu. Ya kuma horar da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, daga baya har ya yi aiki da Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu. A 1994, bayan tafiyar Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan, aka fara damƙa masa ƙungiyar ƙasa, Super Eagles, yana ɗan shekara 36. Wasansa na farko da Ingila ne a filin Wembley cikin watan Nuwamba na wannan shekara, inda aka ci Nijeriya ɗaya da nema. Bai daɗe a kan kujerar ba aka kawo wani.

Abin da ya fi shafar maganarmu ya faro ne a 2001. A lokacin Nijeriya tana neman gurbin kofin duniya na 2002 a rukuni ɗaya da Laberiya da Gana da Sudan da Saliyo, kuma ƙasa ɗaya tak ce za ta wuce. A ƙarƙashin koci Jo Bonfrere, shi ma ɗan Holan, Laberiya ta George Weah ta doke Nijeriya a Monrobiya, kana cikin watan Afrilu na 2001 Saliyo ma ta ci ta ɗaya da nema a Firitawun. Jama'a suka fara fid da rai. Aka sallami Bonfrere, aka miƙa wa Amodu ragamar, Stephen Keshi da Joe Erico suna taimaka masa. Wasa uku suka rage. Aka ci Laberiya 2 da nema a Fatakwal, aka je Omdurman aka ci Sudan 4 da nema, aka dawo Fatakwal aka ci Gana 3 da nema. Ƙwallo tara aka zura, ba a ci Nijeriya ko ɗaya ba.

Duk da haka, ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Wannan ƙoƙari shi kaɗai da bai isa ba, domin Laberiya ce a gaba da maki. Sai da Gana ta je har Monrobiya ta doke Laberiya 2 da 1 a farkon watan Yuli sa'an nan hanya ta buɗe. Nijeriya ta ƙare da maki 16, Laberiya da 15. Amodu ya yi nasa noman, ruwan kuwa daga wani gari ya zo masa.

A farkon 2002 aka tafi gasar cin kofin ƙasashen Afirka a Mali. Sanagal ta fitar da Nijeriya a wasan kusa da na ƙarshe da ci 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, Nijeriya ta zo ta uku. An kuma sami saɓani tsakanin manyan 'yan wasa da jami'an gwamnati a can. Da aka dawo gida sai aka sallami Amodu da mataimakansa, aka naɗa Adegboye Onigbinde, aka kuma ajiye kyaftin Sunday Oliseh da Finidi George. A gasar da aka yi a Koriya ta Kudu da Jafan, Ajantina da Suwidin suka doke Nijeriya, ta yi canjaras da Ingila, ta dawo gida da maki ɗaya da ƙwallo ɗaya.

Noma na biyu

Bayan shekara shida, a 2008, Berti Vogts ɗan ƙasar Jamus ya bar aikin bayan Nijeriya ta gaza wuce wasan kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Afirka da aka yi a Gana. Aka sake waiwayar Amodu, shi kuma ya amsa. A wasannin neman gurbin kofin duniya na 2010 ya ja ragamar wasa 12, ya ci 9, ya yi kunnen doki a 3, ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Amma a nan ma sai da aka kai ranar ƙarshe rai na hannun Allah, domin Tunisiya ce a gaba. Ranar 14 ga Nuwamba 2009 Nijeriya ta ci Kenya 3 da 2 a Nairobi, Obafemi Martins ya zura biyu, Yakubu Aiyegbeni ya zura ɗaya. A daidai wannan lokaci, can a Maputo, Mozambik ta ci Tunisiya ɗaya da nema. Nijeriya ta wuce da maki 12, Tunisiya ta tsaya da 11.

Daga nan sai tarihi ya maimaita kansa kamar an kwafa. A gasar Afirka ta Angola cikin Janairun 2010, Gana ta fitar da Nijeriya a wasan kusa da na ƙarshe, Nijeriya ta sake zuwa ta uku. Cikin watan Fabrairu aka janye Amodu daga kan babbar ƙungiya, aka ɗauko Lars Lagerback ɗan ƙasar Suwidin. Abin lura a nan shi ne, shi Lagerback ɗin ya bar aikin horar da ƙasarsa ne a 2009 saboda ya kasa sama mata gurbin wannan gasa. Wanda ya kasa samun gurbi ya tafi Afirka ta Kudu, wanda ya samu kuma ya zauna a gida. Masu iya magana sun ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A can ma Ajantina da Girka suka doke Nijeriya, ta yi 2 da 2 da Koriya ta Kudu, ta sake dawowa da maki ɗaya.

Shin an zalunce shi?

Tilas ne mu yi wa hukumar ƙwallon ƙafa adalci kafin mu yanke hukunci. Mai gona yana da 'yancin canja ɗan ƙwadago in ya ga aikin bai gamshe shi ba. Masu sukar Amodu kuma suna da abin faɗa. Sun ce wasan ƙungiyarsa ba shi da armashi, sun yi nuni da cin 3 da 1 da Masar ta yi wa Nijeriya a wasan farko a Angola, sun kuma ce a Mali ya kasa tsawata wa manyan 'yan wasa. Har ila yau, ba daidai ba ne mu ce raina na gida ne kaɗai dalili, domin a 2002 ɗan Nijeriya ɗan'uwansa ne ya gaje shi, ko da yake a 2010 maganar nan ta "ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe" ta yi aiki.

Bugu da ƙari, bai kamata mu kafa hujja da cewa waɗanda suka gaje shi sun faɗi ba. Mun riga mun ce sakamako ba ya hannun koci shi kaɗai, saboda haka ba za mu juya mu auna Onigbinde da Lagerback da mudun da muka ƙi a auna Amodu da shi ba. Abin da za mu iya aunawa shi ne lokaci. Dukansu biyu watanni uku da 'yan kai aka ba su su shirya wa babbar gasar duniya, alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Westerhof da ake yabo shekara biyar ya yi, daga 1989 zuwa 1994. A gasarsa ta farko ta Afirka a 1990, Aljeriya ta lallasa Nijeriya 5 da 1 a wasan buɗe fage, ya zo na biyu a wannan gasa, ya zo na uku a 1992, sai a 1994 ya ɗauko kofin. Da an sallame shi don ya zo na uku, kamar yadda aka yi wa Amodu, da ba a ga 1994 ba. Shi kansa Lagerback, da ƙasar Aisland mai mutane ƙasa da 400,000 ta ɗauke shi a 2011 ta bar shi ya yi aiki, shi da abokin aikinsa sun kai ta har wasan kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2016, bayan sun fitar da Ingila. Mutumin dai shi ne, lokacin da aka ba shi ne ya bambanta.

To a nan ne muke ganin an cuci Amodu, an kuma cuci ƙungiyar. Zuwa kofin duniya shi ne girbin aikin kocin ƙasa, shi ne abin da ake rubuta masa a takardar neman aiki har ƙarshen rayuwarsa. Idan aka ga mutum ya isa a ba shi aiki lokacin da jirgi ke nutsewa, aka kuma ce bai isa ba bayan ya kai jirgin gaɓa, an ci moriyar ganga ke nan an ya da kwaurenta. Wannan ɗabi'a kuwa ba ta tsaya ga Nijeriya ba. Keshi ya sama wa Togo gurbinta na farko a kofin duniya na 2006, amma bayan rashin nasara a gasar Afirka ta Masar aka sallame shi, Otto Pfister ne ya kai ƙungiyar Jamus.

Haƙuri ko mutuwar zuciya?

Tunda mun yarda an yi cuta, sai mu koma ga tambayarmu ta asali. Me ya sa mutumin da aka yi wa haka a 2002 zai amsa kira a 2008?

Masu ganin ya yi kuskure suna da hujja mai ƙarfi, bai kuma kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Sukan ce duk lokacin da wanda aka wulaƙanta ya dawo, yana koya wa masu wulaƙancin cewa abin da suka yi ba shi da tsada. Gobe za su yi wa wani, suna sane da cewa in sun matsu akwai mai zuwa ya cece su. Ta haka haƙurin mutum ɗaya yake karya darajar abokan sana'arsa duka. Sukan kuma kawo misalin Keshi, wanda halinsa ya sha bamban. Da aka ba shi Super Eagles, ya ajiye taurari irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki yaran da ke wasa a gida, duk da surutun jama'a. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na 2013 a Afirka ta Kudu. Washegarin ɗaukar kofin Keshi ya ce ya ajiye aiki saboda yadda aka riƙe shi a lokacin gasar, sai da ministan wasanni ya sa baki sa'an nan ya janye. A ganin waɗannan mutane, haka namiji yake yi, ya nuna cewa shi ma yana da farashi.

Masu ganin ya yi daidai su ma sukan ce, to in ya ƙi, wa ya hukunta? Shugabannin hukuma suna zuwa suna tafiya, waɗanda suka kira shi a 2008 ba su ne suka sallame shi a 2002 ba. Waɗanda fushinsa zai faɗa wa su ne yaran da ke buƙatar mai horarwa, da miliyoyin talakawa da ke kewaye rediyo da talabijin ranar wasa. Sa'an nan mutumin da ya bar sana'ar da ya iya don an ɓata masa rai ya yi hasara sau biyu, an ƙwace masa girbi, shi kuma ya ƙara da jefar da fartanyarsa. Gogewar shekaru da ke kansa ba ta da amfani in yana zaune a gida yana ƙorafi.

Mun fi karkata ga ra'ayi na biyu, amma mun san bai warware matsalar ba. Dalili kuwa shi ne, wanda ciki ne kawai ya dame shi, wanda zai karɓi kowane aiki a kan kowane sharaɗi, shi ma yana iya fakewa da waɗannan kyawawan kalmomi. Daga waje mahaƙurci da mai mataccen zuciya kamarsu ɗaya: dukansu an cuce su, dukansu sun yi shiru, dukansu sun dawo. Muddin mutum yana ƙasa ana taka shi, ba za ka iya bambance su ba. Saboda haka muna buƙatar wata rana ta daban, ranar da abin ya juya, wanda aka ƙwace wa girbi ya sami kansa tsaye a bakin gonar wani, an miƙa masa lauje an ce bisimilla.

Ranar da aka miƙa masa lauje

Wannan rana ta zo wa Amodu cikin watan Oktoba na 2014. Keshi, bayan kofin 2013, ya kai Nijeriya zagaye na biyu a kofin duniya na Barazil, inda Faransa ta fitar da ita. Daga nan wasannin neman gurbin gasar Afirka ta 2015 suka zo da tangarɗa. Ranar 15 ga Oktoba Nijeriya ta ci Sudan 3 da 1 a Abuja, amma washegari hukuma ta sallami Keshi, ta naɗa Amodu riƙon ƙwarya, ana saura wasa biyu. Abin da aka yi masa sau biyu, ga shi an yi wa wanda ya taɓa zama mataimakinsa, kuma shi aka ba kujerar.

Bayan kimanin mako biyu sai aka mayar da Keshi. Hukumar ta ba da sanarwar cewa Amodu ne ya rubuto mata yana roƙon a bar Keshi ya ƙarasa wasannin biyu, bisa dalilin cewa lokaci ya yi kaɗan da za a soma warware ƙungiya a sake ɗinka ta. Jaridu kuma sun ruwaito cewa fadar shugaban ƙasa ta sa hannu a maganar. Ko da mun haɗa bayanan biyu, abu biyu dai a fili suke. Amodu bai ja ragamar ko da wasa ɗaya a wannan karo ba, ya sauka ya ba Keshi wuri. Dalilin da aka sanar da sunansa kuwa shi ne ainihin ƙa'idar da aka taka a kansa a 2002 da 2010, watau kada a canja mai horarwa ana dab da fita fage.

A nan ne muke ganin iyakar da muka fito nema. Mai mataccen zuciya duk abin da aka miƙa masa karɓa yake yi, domin ba ya bambance nasa da na wani. Mai ɗaukar fansa shi ma zai karɓa, har ya ce ai ni ma haka aka yi mini, kamar dai zaluncin da ya sha ya zama lasisin yi wa wani. Mahaƙurci kuwa yana riƙe da sanin cewa abin da aka yi masa ba daidai ba ne, shi ya sa in dama ta zo ba ya yarda a yi amfani da hannunsa a maimaita shi. Ashe shirun da ya yi a baya ba mantuwa ba ne. Ya jure cutar a kan kansa, amma bai taɓa amincewa da ita a matsayin ƙa'ida ba.

Kada kuma mai karatu ya zaci labarin ya ƙare da biki. Keshi ya je ya ci Kwango 2 da nema, amma a wasan ƙarshe a Uyo aka tashi 2 da 2 da Afirka ta Kudu, Nijeriya mai riƙe da kofi ta kasa zuwa kare kofinta. A watan Yuli na 2015 aka sallami Keshi baki ɗaya. Wannan bai rage komai daga kyan abin da Amodu ya yi ba. Da ana auna daidai da sakamako, da babu wanda zai yi daidai sai ya ga ƙarshen wasa, alhali kuwa hukunci kafin a hura usur ake yanke shi.

Kammalawa

Keshi ya rasu ranar 7 ga Yuni 2016 a birnin Benin yana da shekara 54. Bayan kwana uku, ranar 10 ga wata, Amodu ma ya rasu a wannan birni yana da shekara 58, yana riƙe da muƙamin daraktan harkokin horarwa na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Har ya bar duniya bai taɓa zama a bencin kofin duniya a matsayin babban koci ba.

Daga abin da ya gabata, amsarmu ga tambayar farko ita ce, wanda aka cuta yana iya komawa bakin aikinsa ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba, muddin amanarsa tana ga aikin da kuma waɗanda aikin zai amfana, muddin kuma yana da abin da ba zai yarda a sa shi ya yi ba. Hanyar Keshi ta ɗaga murya ita ma tana da muhallinta, domin akwai lokacin da shiru yake zama taimakon mai cuta, kuma sana'a tana buƙatar masu cewa a'a da babbar murya. Abin da ya haɗa mutanen nan biyu shi ne kowannensu yana da ƙa'idar da yake aiki a kanta, wadda ba ta canjawa da canjin shugabanni.

Saura magana ɗaya, ita kuma tamu ce mu 'yan kallo da masu ɗaukar mutane aiki. Haƙurin wanda aka cuta ba ya wanke wanda ya yi cutar. Sau da yawa mukan yabi mutum da haƙuri bayan ransa domin yabon ya fi mana sauƙi a kan biyan haƙƙinsa yana da rai. Hukuma ba ta sallamar koci ita kaɗai, sai ta ji ihunmu a filin wasa da majalisun hira muna cewa a cire shi, mu da muka ɗaga shi sama watanni uku da suka wuce. Laifi tudu ne, mukan taka namu mu hango na wani. Duk wanda ke da wani a ƙarƙashinsa, ko yaron shago ne, ko ɗan ƙwadago, ko ƙaramin ma'aikaci da ya riƙe ofis lokacin da babu mai so, ya dace ya tambayi kansa tun kafin kaka: wanda ya sha ranar noman nan, shi zan bari ya girbe? Allah ya sa mu dace.